Bitrus, Na Saya Maka Scotch

Zuwa ga aminina Bitrus, a Aberdeen ta ƙasar Scotland.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Talatu da jaririnmu. Nan Bronx lafiya lau, sai sanyi, sai kuma ni da ke tuƙa bas ina huci ni kaɗai.

Surukarka ta tare ni a bakin coci ta ce a nan za a yi wa yaron baftisma bayan Ista, tunda ita ba ta iya doguwar tafiya. Na yi murna. Sai ta ƙara da cewa har yanzu ba ta ji wanda zai zama uban baftisma ba, kuma wai da wani abokin aikinka za ku zo. Na san shi. Baturen nan mai jan gemu da ke cika hotunanka, wanda ka rubuta «ni da aminina» a ƙarƙashin hotonku. Kishi nake yi, Bitrus, ba zan ɓoye maka ba. Har faɗaɗa hoton na yi don in ga ko hannunsa na kan kafaɗarka. Yana kai kuwa.

Ka tuna inda muka fara ɗanɗana wiski? Ranar da muka gama gyara wa tsohon Fadan cocin nan ɗan Ireland rufin gidansa a Kafanchan, ya zuba mana ɗan kaɗan a kofin shayi. Ka yi tari har da hawaye, shi kuma yana dariya yana cewa wannan ai mai taushi ne, ko tsohuwa ta sha.

Da muka zo New York ma ba mu canja ba. Kowace Kirsimeti koriyar kwalbarmu ta Irish, wiskin ƙasar Fadan nan, a ɗakinmu na Concourse Village, da gyaɗa soyayya, kai ka zuba mini, ni in zuba maka. Ba wanda ke zuba wa kansa. Haka muka saba.

Yanzu shekara kaɗan a kamfanin mai, sai ga ka a waya kana ce mini Irish ta zame maka kamar ruwan shayi. Wai jan-gemu ne ya buɗe maka baki. Sannu, mai buɗaɗɗen baki!

To, baƙo abin da yake so ake ba shi, don haka na nufi shagon giya a Fordham Road in nemo Scotch, wiskin ƙasar da kake. Waɗanda kuke ɗagawa a hoto na same su can sama, a bayan gilashi. Na duba farashi, na sauke kaina ƙasa inda irinmu ke dubawa. Mai shagon ya ce wanda ya saba da Irish ya fara da mai sauƙi, marar hayaƙi. Ni kuwa da na ji kalmar hayaƙi sai raina ya biya. Mutumin da ya tashi a bakin tukubar tsire za a tsorata da hayaƙi? Kuma na ji ka ce irinta mutuminka ke sha. Na ce a ba ni mai hayaƙin.

Bitrus, ba hayaƙin tsire ba ne. Ka san tayar da ake ƙonawa a mahauta idan ana babbake ganda? Ita ce a cikin kwalba. Na kurɓa, na sake kurɓa don kada a ce Bature ya fi ni, na haƙura. Tana can bisa firij, na ajiye wa abokinka, ya sha kayarsa.

Da albashi ya shigo na koma, ban ɗaga ido na kalli mai shagon ba. Wannan karon na ɗauki wadda aka gauraya iri-iri, mai sauƙin kuɗi, wadda aka ce tana da ɗan zaƙi kamar zuma, ba hayaƙi ko kaɗan. Scotch ce dai, ba za ka ji kunya a gaban baƙonka ba, ni ma ba za ta shaƙe ni ba. Ban buɗe ba. Wannan kam ba zan zuba wa kaina ba.

Ban ƙi mutumin nan ba, ka gane. Wataƙila shi ya kai Talatu asibiti ranar haihuwa, ni ina nan ina fama da fasinja. In haka ne, Allah ya saka masa. Amma ni na tsaya maka ranar aurenka, kuma tun yaron nan yana ciki nake kiran sa ɗana. Har na kai wa telan nan ɗan Ghana shadda, ya auna ni.

Abu ɗaya nake roƙo. In shi ka zaɓa, ka kira ni ka faɗa mini da bakinka tun kafin ku hau jirgi. Kada ka bari in ji a bakin Fada, ina tsaye a layin gaba cikin sabon kaftani.

Ubangiji ya raya mana yaron, ya ƙara wa Talatu lafiya, ya kawo ku lafiya. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, ko wane ne ya riƙe shi ranar.

Naka tun Kafanchan,
Ishaya