Nawa mai kuskure zan tura wa Malam, ko na ƙanwata?

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a sakaya sunana. 'Yan uwa ku ɗan matso ku ji, shawararku nake roƙo don Allah, amma tun yanzu kada wanda ya ce mini in haƙura da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, in koma kicin, don ban taɓa barin kicin ɗin ba.

Ni matar aure ce a Jibiya, 'ya'yana uku, karatuna a firamare ya tsaya, kuma ba mai fita ba ce, zoɓo da ƙanƙara nake yi a gida. Maigidana direba ne, Maraɗi yake zuwa. Shi ya kawo wata tsohuwar kwamfuta daga can don yara su riƙa kallo. Ƙanwata da ta gama sakandare ita ke ɗaukar darasin Python, wani yaren kodin, a wani aji na WhatsApp, da Hausa Malamin ke bayani, in ta zo gidana sai ta kunna a waya. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne, abu in ya shiga ba ya fita. Rannan ta manta wani layi na darasin, ina tuƙa tuwo na faɗa mata shi. Daga nan na ce ni ma a sa ni.

Wahalar da na sha kuwa! Kwamfutar ta Faransanci ce, inda Malam ya ce a danna, ni wani abu daban ke fitowa, sai da na bi maɓallan ɗai-ɗai na gane inda kowace alama ta ɓuya. Sabis in ya ɗauke, layin Nijar nake sawa in tsaya jikin katanga hannu a sama kamar mai shanya. Tambaya kuma da murya nake turawa, tunda rubutun Turanci ba nawa ba ne, har wani a ajin ya sa mini suna Hajiya Rediyo. Na ce na gode, rediyo ai ana saurarensa.

Matsalar ita ce, hadda na riƙa yi, irin yadda muka saba a Islamiyya. Ina wanki ina biya darasi, na ɗauka na iya. Sai Malam ya ce kowa ya haɗa abu nasa na kansa ya turo ranar Juma'a, wanda nasa bai yi aiki ba za a cire shi, don akwai masu jiran gurbi. Na zauna gaban kwamfuta, kaina cike da layuka, amma na rasa wanda zan fara ɗorawa. Ranar na gane hadda daban, gini daban.

Duk da haka na haɗa. Ɗan wasa ne na lissafi don ɗiyata Hafsa, yana tambayarta, in ta ci ya ce Madalla, in ta faɗi ya ce Sake dai. Tambaya ta farko lafiya, ta biyu lafiya, a ta uku sai ya kama rubuta Madalla ba tsayawa har kwamfutar ta yi zafi. Yaran suna ta dariya, wai Mama ta haɗa maroƙi. Na duba har idona ya yi ja, ban ga inda na kuskure ba.

Ƙanwata ta ce in karɓi ɗaya daga nata, ta haɗa biyu, a canza suna kawai. Da na ƙi ta yi fushi, wai girman kai gare ni, ita ta roƙa mini gurbin nan, zan ba ta kunya. Maigidan ma ya ce in karɓa, wa zai sani? Na ce ni zan sani, kuma Hafsa tana kallona. Wannan maroƙin, da duk haukansa, shi ne abu na farko da na gina da kaina, ba wanda ya biya mini.

Sai dai gaskiya ina tsoro. In aka cire ni, ban san wani ajin da ake bayani da Hausa ba.

Ku da kuka riga ni a wannan hanya, ku ma haka naku na farko ya yi hauka? In tura maroƙina in gaya wa Malam ga inda na tsaya, ko in karɓi na ƙanwata in zauna a aji da abin da ba nawa ba?