Hukuncin da Bai Tsallake Iyaka Ba

Sakkwato, Fabrairu 2002

Zuwa ga yayana Dikko,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Bukkuyum. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na samu saƙonka. Ka ce tun da ka saki Larai ta koma garinsu Dogon Dutsi a Nijar da ɗanka Sadiq, har kotun can ta ba ta riƙonsa. Yaya, ka kwantar da hankalinka. Wanga zango abin da muke karantawa ke nan a ajin lauya, yadda kotuna ke yi in rigima ta tsallaka iyakar ƙasa. Hukuncin Nijar ba ya aiki a nan sai kotunmu ta karɓe shi, kuma Larai ba ta san ƙofar da ake bi ba. Mu ma ba mu da ikon ɗauko yaron daga can. Sai dai ita ta kawo shi da ƙafarta.

Ka aika mata cewa Inna na kwance rai a hannun Allah, tana ta kiran sunan jikanta. Ka san yadda suke da Inna, ba za ta kwana ba. Amma kada Inna ta ji wannan magana.

Naka ƙane,
Lirwanu

Sakkwato, Afrilu 2002

Yaya Dikko,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ya zafi? Ya ƙoƙari?

Barka, barka! Na yi dariya da ka ce Larai ta shigo gida da Sadiq tana kuka, ta tarar da Inna zaune tana tsintar wake. Ka kyauta da ka riga ta zuwa gaban alƙali. Hujjar da na ba ka ita ce ta kayar da ita: uwar da ta ƙaura da yaro nesa da ubansa, riƙo ya faɗi daga hannunta. Takardarta ta kotun Nijar kuwa da Faransanci take, wa zai karanta?

Larai ta zo har makaranta nemana. Ta durƙusa a gaban abokaina, ta riƙe bakin rigata, tana tuna mini lokacin da ta yi jinyata da zazzaɓi ya kwantar da ni ina sakandare a Gummi. Ta roƙe ni in fassara mata takardar, in nuna mata inda za ta kai ta. Ta ce ni kaɗai ta sani mai ilimi a ƙasar nan. Wallahi na ji kunya, don mutane sun taru. Na saya mata ruwa, na ce ni ɗalibi ne, ban kai nan ba tukuna.

Na rubuta shari'ar a aikin aji, na canza sunaye. Malaminmu ya karanta wa kowa, ya ce ba wanda ya fahimci darasin kamar ni. Ka faɗa wa Inna ta yi murna.

Naka,
Lirwanu

Sakkwato, Yuli 2002

Yayana abin ƙaunata,

Da fatan kuna lafiya, kuma ruwa ya wadata a gona.

Na san Larai za ta ƙi tafiya. Amma ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gidanmu don ta riƙa ganin yaro, Inna kuma tana miƙa mata shi ta bayan danga, wannan ya wuce gona da iri. Shi ya sa na ce ka kai maganarta ga jami'an shige da fice, tunda wa'adin zaman baƙo ya ƙare mata kuma ba ta da takardar zama. Na ji daɗi da suka saka ta mota ba tare da dogon surutu ba. Zanenta da ya yage wurin ja ba laifinka ba ne.

Ka ce Inna ta daina amsa gaisuwata, ta ce kada a ƙara karanta mata wasiƙata. Za ta huce. Tsofaffi ba su san doka ba.

Batun Sadiq kuwa, da ya ƙi cin abinci, yana wuni a bakin zaure yana kallon hanyar tasha, har ya rame, muddin yana sa ran uwarsa za ta dawo haka zai ci gaba. Ka zaunar da shi ka ce mishi ta rasu. Zai yi kuka kwana biyu ya gaji.

In za ka zo, ka taho mini da man shanu, na nan ba shi da daɗi.

Naka ƙane mai ƙaunarka,
Lirwanu