Batirin Na'urar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya rufa muku asiri a inda kuke. Mu nan sai godiya. Maigidana ya koma aiki, ƙafar ta yi sauƙi. Inna ba ta ƙorafi, amma ta rame, don ba ta yarda kowa ya karɓe ta a ɗakin Baba.

Maganar batirin da ka sa a saya wa na'urar numfashin Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna ka ce in ɗora masa mitar auna wuta in turo maka hoto. Ka ga goma sha biyu da ɗoriya, ka ce shi ke nan, hankalinka ya kwanta. Ni ma nawa ya kwanta. To ranar Talata da azahar aka ɗauke wuta, muka mayar da na'urar kan batirin. Ban gama alwala ba na ji tana kuka, sai ta mutu. Inna tana yi wa Baba fifita tana salati, ni ina danna duk abin da ya dannu. Leɓensa ya canja launi, Yaya. Ba don maƙwabcinmu tela ya jawo mana waya daga janaretonsa ba, Allah kaɗai Ya san abin da zan rubuto maka yau.

Da ya samu kansa, Baba ya ce a kawo mitar. Ya sa na ɗora ta a kawunan batirin, ta nuna kamar yadda ta nuna maka. Sai ya ce in kunna na'urar ina kallo. Nan take lambar ta zube ƙasa da goma, batirin ya ɗau ɗumi. Ya yi mini bayani yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Wai lambar farko ƙarfin batiri ne sa'ad da ba a nemi komai a wurinsa ba. Amma wutar sai ta ratsa cikinsa kafin ta fito, kuma kowane batiri yana da turjiyarsa a ciki, ta tsoho kuwa ta fi yawa. Gwargwadon abin da aka ja, gwargwadon abin da yake cinyewa ya mayar zafi, ragowar ce ke isowa bakin waya. Har ya yi 'yar dariya, ya ce ashe yaron da ya tashi a garejinsa na gyaran wutar mota ya koma auna batiri ba tare da an ɗora masa kaya ba, a gaya maka da a da ne da ka sha ranƙwashi. Mai shagon da aka sayo batirin ya canja mana wani, wannan karon an gwada shi da na'urar a kunne.

Saura abin da ya fi yi mini nauyi. Baba ya nemi in yi masa alkawari ba zan gaya maka halin da yake ciki ba, wai kada a taso ka daga aiki. Na ce ya gafarce ni, ba zan ɗauki alkawarin ɓoye maka gaskiya ba, kuma na sanar da shi zan rubuto. Ya juya fuskarsa bango. Muryar nan da kake ji a waya, tattalinta yake yi. Ranar da za ka kira, tun safe ba ya magana da kowa, don ka same shi da ƙarfi. Kana ajiyewa sai ni da Inna mun tallafe shi ya kwanta. Daga gado zuwa bakin ƙofa ya gagare shi, salla ma a kwance yake yi. Likita ya zo ya duba shi, bai ƙara magani ba, ya ce mu dage da addu'a.

Ban san gaibu ba, rai a hannun Allah yake. Amma kada ka sake aiko kaya, Yaya, ɗakin ya cika da su. Ka nemi izini ka taho. Jiya na ji shi, shi da ya hana a faɗa maka, yana tambayar Inna ko katifar ɗakinka tana nan da kyau. Inna ta fito da ita ta shanya.

Ka gaida mini uwargida, da takwaran Baba, da 'yar autarku. Inna da Gwaggo da Kawu duk suna gaishe ku. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka tarar da shi.

Wassalam,
ƙanwarka.