Hancin Goggo Asta da Man Gyaɗarmu

Gella, Mubi
Nuwamba, 2016

Zuwa ga Addata Alice,

Gaisuwa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma sanyin Jos bai takura muku ba. Mu nan lafiya lau, Baba ya warke daga ciwon ƙafa har ya koma gona. Allah ya ci gaba da tsare mu, ya sa abin da ya kore mu shekara biyu da suka wuce kada ya sake dawowa.

Adda, albishirinki! Kin san ƙungiyarmu ta masu matsar man gyaɗa da muka kafa bayan mun dawo daga gudu. Wani mai kanti a Yola, Alkasim, ya yarda zai riƙa ɗaukar manmu duk wata, amma kayan farko ya dawo mana da su gaba ɗaya. Ya ce a kwali guda wata kwalbar fara ce tas, wata ja, wata kuma ƙauri take yi. Ya ce shi abu ɗaya yake nema, kwalbar yau ta zama daidai da ta jiya. Ya ba mu dama ta ƙarshe. Kin san kuwa na riga na gaya miki in wannan ma ta faɗi, zan tattara kayana in zo Jos neman aikin gida.

Muka zauna muka tsara doka. Kowa ta tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa kafin suya, a tace mai da farin ƙyalle, kwalba sai ta bushe sarai, kuma mai ba zai bar Gella ba sai an duba na kowa. Suka ce ni zan riƙa dubawa. Ashe sun jefa ni rami ne, don kowa ta san mai ƙaurin na Goggo Asta ne. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin gyaɗa ta yi ja sai ta ƙone. To wa zai faɗa mata? Ita ta koya wa dukanmu matsa, ita ta riƙe hannuna har kan dutse ranar gudu. Na je gidanta da niyyar magana, ta zuba mini kunu, na sha, na yi godiya, na dawo da maganata a baki. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Hajja, 'yar Borno da ke sayar mana da kwalabe, ita ta kawo dabara. Ta ce tunda baki ya kasa, a bar mai ya yi magana. Muka zuba na kowa a kwalabe iri ɗaya, aka ƙulla zare mai launi a ƙarƙashi, kowa da yawan ƙullinta, aka hautsina su a faifai. Muka roƙi Goggo, a matsayinta na babba, ta shinshina ta zaɓa. Kai, ta ji daɗi! Ta gyara zama tana ɗauka tana ajiyewa, har ta zo kan wata ta yamutsa fuska. Ta ce wadda ta soya wannan barci take yi a bakin murhu, ko kare ba za a ba shi ba.

Har Jessica, sarkin surutun ƙungiyarmu, ta sunkuyar da kai. Goggo ta juya kwalbar, ta lalubi zaren da yatsa, ta ƙirga ƙullin, ta gane nata ne. Sai ta ce, "Miriyamu, kai wannan ɗakina. Ba zai je Yola da sunanmu ba."

Tun ranar ta ajiye suya, ta zama mai duba mana. Adda, mun shiga uku da tsohuwar nan! Nawa ma ta mayar sau ɗaya, wai akwai ɗanshi, ta ce ba sani ba sabo. Da kayan suka isa Yola, Alkasim ya bar na sama ya zaro daga ƙasan kwali, ya buɗe, ya ɗanɗana, ya kira ni a waya ya ce mu ninka na wata mai zuwa. Mun yi guɗa har maƙwabta suka zata haihuwa aka yi.

Don haka ɗakin da kika share mini, ki ba wani. Ina nan Gella, ba inda za ni.

Ki gaida maigida Nathaniel, da Vandi, da ƙaramar Purity. Baba yana sa muku albarka. Goggo ta ce kwalbar da direba zai kawo miki ita da kanta ta shinshina, kada ki ji tsoro.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Miriyamu