Hoton Ranar Laraba

Guangzhou, 9 ga Oktoba

Zuwa ga uwargidana Madina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Mero. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Aikin jami'a yana nan yadda kika sani, ina gaban kwamfuta ina duba hotunan teku da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa, ina neman inda jiragen ruwa suka zubar da mai. Idan rana ta haska ruwa, man yakan fito kamar maiƙo a farar riga. In da hadari kuwa, mu ma makafi ne.

Yayanki Hadi ne ya hana ni sakat. Mutumin da ya saba yi min ba'a da mai kallon ruwa, yanzu kullum sai ya gayyace ni tuwo a titin Zhanxi Lu, ya bar kwalayen takalman da yake sayarwa, yana tambayata ranar da ake ɗaukar hoton bakin kogin garin nan. Duk amsar da na bayar, sai ya juya ta da Sinanci ga wani laoban, wato maigida a harshensu, mai ƙaramin jirgin da ke kai masa kaya babbar tashar jiragen ruwa. Hankalina bai kwanta ba.

Naki,
Ibrahim Khalil

Guangzhou, 20 ga Oktoba

Madina tawa,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Na gwada Hadi, Allah ya yafe min. Na ce masa ranar Laraba ba za a ɗauki hoto ba, alhali za a ɗauka. Da na buɗe hoton, sai ga baƙin zane miƙaƙƙe a kan ruwa. Na yi ta nema masa uzuri, ko gansakuka ce, ko wurin da iska ta kwanta. Amma mai ne, zanen ya bi sawun jirgin laoban daidai, kuma kusa da inda masunta ke kiwon kawa, wani irin dodon koɗin teku da ake ci.

Na miƙa wa shugabar sashenmu hoton, don ɓoye shi cin amana ne. Za a tsare jirgin, wataƙila har da kayan yayanki. Na fi so ki ji daga bakina kafin ya kira gida.

Ban sani ba ko ya san abin da ake yi da amsoshina, ko shi ma amfani aka yi da shi. Ke kika fi ni saninsa. Ki faɗa min gaskiya, Madina, don jiya a masallaci na kasa haɗa ido da shi.

Mijinki mai ƙaunarki,
Ibrahim Khalil