Turakun Tantin Baba

Jimeta, 9 ga Janairu, 1972

Zuwa ga Hamma Ɗantani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Adda Kaltume da yara, da fama da aikin sakatariya a Maiduguri. Mu nan lafiya lau. Maigidana Haladu yana gaishe ka daga kan kekensa na ɗinki.

Rediyon da ka aiko ya iso gidan Baba a Wuro Hausa, can Yola. Baba ya shafa shi sama da ƙasa, ya sa albarka, ya ce a ɗora a kan kabad, kuma har yau bai kunna ba. Hamma, ba rediyo yake so ba. Tun da yanar ido ta rufe masa gani maganarsa ɗaya ce: a fito da tsohon tantinsa, a kai shi bakin tafkin Njuwa ya yi kwana ɗaya kusa da shanun abokinsa Arɗo Hamajoɗa, kamar yadda yake kai mu lokacin da yake malamin allurar shanu.

Kai ma ai ba ka manta ba. Da an ba mu hutun makaranta sai a loda mu a bayan Landiroba, mu da akwatin magani da tukwanen Inna, Allah ya jiƙanta. Kowa da aikinsa, ni igiyoyi, Inna murhu, kai turaku da guduma. Sauro ya yi ta cin mu, amma ranar komawa gida sai an yi da gaske ake saka mu a mota. Shekarar samun 'yancin kai ka ɗaura tutar da aka raba mana a makaranta a igiyar tanti, maraƙi ya cinye rabinta, ka yi ta kuka da girmanka har sai da matar Hamajoɗa ta lallashe ka da kindirmo ƙwarya guda.

Na ce Haladu zai kai shi, ya ce a'a, turaku aikin Ɗantani ne. Ka san taurin kan Baba. Don Allah ka zo da Babbar Sallah. Da ruwan farko ya sauka Hamajoɗa zai tashi da shanunsa, bakin tafki kuma ya zama taɓo.

Ka gaishe da yara ɗaya ɗaya.

Ƙanwarka,
Huseina

Jimeta, 12 ga Maris, 1972

Hamma Ɗantani,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya baki ɗaya. Yaya jikin ƙaramin da ka ce yana tari? Allah ya sawwaƙe.

Sallah ta zo ta wuce, ba mu gan ka ba. Mun ga wasiƙa mai hatimin ofis, mun ga sabon tanti kore shar da ka ba direba ya kawo, da saƙon cewa direban ma zai iya kai Baba. Wallahi raina ya ɓaci. Mu ba mu san hanyar Njuwa ba ne? Baba ya shinshina sabon tantin, ya ce warin kanti yake yi, a mayar. Yana nan a zaure, kajin gwaggonmu Talatu suna kwana a kansa.

Ni kuwa na fito da tsohon na shanya. Ɓeraye sun ci gefe biyu, Haladu ya kwana uku yana faci har ya karya allura huɗu. Turakun suna nan cif, sha shida, a jakar da Inna ta ɗinka. Kullum bayan la'asar Baba zai zazzage su a tabarma ya ƙirga da hannu, ya mayar. Ƙafafunsa sun fara kumbura, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Ba na so in faɗi abin da likita ya gaya mini a takarda.

Sau uku a mako nake shiga motar haya daga Jimeta zuwa Yola, da goyo a baya, kuma ban taɓa yi maka gori ba. Amma abin da ke ci mini rai, ni da ke zuwa ba ni ake jira ba. In na yi sallama sai ya ce, “Huseina ce? Yaya labarin yayanki?” Ni ce kullum mai ƙirƙiro maka uzuri, yau taro, gobe rangadi, jibi babban sakatare ya hana. Uzurin ya ƙare mini. Zumunta a ƙafa take, Hamma, ba a jakar direba ba.

Hamajoɗa ya aiko cewa ba zai wuce tsakiyar Afrilu ba. Ka sa rana, ka bugo waya ta talgiram.

Taka,
Huseina

Jimeta, 10 ga Afrilu, 1972

Hamma,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Wayarka ta farko da ka ce za ka iso ranar Juma'a, sau uku Baba ya sa na karanta masa. Ya sa aka yi masa aski, aka wanke tsohuwar rigarsa ta kaki. Wayarka ta biyu, mai cewa aiki ya riƙe ka, ta same ni ranar Juma'ar da hantsi, Baba yana zaune a zaure da jakar turaku a cinyarsa. Na kasa karanta masa.

Abin da na yi ban kyauta ba, kuma zan faɗa maka don ka ɗauki rabonka. Na karɓi jakar na ce kana gidanmu a Jimeta, ka aiko a kai maka kaya ka yi gaba. Na tura Haladu ya je ya kafa tantin. Bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki Baba a motar maƙwabcinmu Zadok. Da muka isa na ce ka gama aikinka, ka leƙa Yola kai wata takarda, kana nan dawowa. A raina na ce in ya ji kukan shanu da ƙamshin hayaƙin ruga, zuwa safe sai in san abin da zan faɗa.

Hamajoɗa ya tarye shi, suka rungume juna suna ta gaisuwa da Fulatanci, har na ga haƙoran Baba. Sai ya ce in kai shi jikin tanti. Ya kama igiya ya bi ta da hannu har ƙasa, ya shafa turke. Ya ja jiki zuwa na biyu, ya shafa, sannan na uku. Haladu, bawan Allah, tela ne, ya kafa su a tsaye tsaf kamar layin ɗinki. Ashe turken tanti karkata shi ake yi, kansa ya ba tanti baya, don in iska ta ja igiya kada ya tuge. Ni da na yi shekaru ina ɗaura igiya a kansu ban taɓa lura ba. Kai kaɗai ya koya wa.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi a miƙo masa guduma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, ya tuge, ya karkata, ya buga, yana haki. Sau biyu ya sami yatsansa. Hamajoɗa ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya ce masa, “Bari, Arɗo.” Muna tsaye kamar gumaka har ya gama sha shidan, rana ta kusa faɗuwa, Haladu ya juya baya yana share ido da hularsa.

Ya kwana a tantinsa. Da safe ya sha kindirmo kaɗan, ya ce a naɗe a bar wa Hamajoɗa, shi ya gama da shi. Muka kamo hanya a mota har muka shigo Wuro Hausa. Nan ya ce in rubuto maka, kuma kada in ƙara kada in rage. Ga shi kamar yadda ya faɗa: “Ki gaya wa Ɗantani na gode da rediyo. Ya zauna ya yi aikin gwamnati da kyau. Nasa na gida na yi masa.”

Na isar. Ba zan sake roƙon ka ka zo ba, shi ma ya hana ni.

Ƙanwarka,
Huseina