A Maido Mani da Eriyata Kafin a Kwashe Albasa

Zuwa ga Shugaban Manoman Rani na ƙauyenmu, ƙasar Goronyo.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Na zo zaurenka aka ce kana hutawa, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Eriyar da ka sa aka tuge daga gonar mahaifina ta jami'a ce, amana aka ba ni don binciken digirina. In ban maida ta da sakamako ba, karatun ya tashi.

Na biyu. Abin da take saurare tauraro ne da ya ƙone ya mutu, gawarsa ta dunƙule ba ta fi faɗin birni ba, tana juyawa tana aiko da bugu a kan ƙa'ida. Masana yanzu da irinsu suke auna girgizar sararin samaniya, don sun kusa fin agogo cika alkawari. Kwamfutata ke maida bugun sauti.

Na uku. Na kunna wa kakata, Inna Tumba, da hantsi. Ta ce luguden matan tsohon ƙauyensu ne, wanda ruwan madatsa ya shanye, har ta gane taɓaryar yayarta. Kafin la'asar zance ya kai fadama. Masu ban ruwa suka ajiye aiki, wai na taso mutanen ƙarƙashin ruwa. Ka zaɓi ka hukunta ƙarfe. Ban ga laifinka ba, ƙarfe ba ya gardama.

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna. Eriya tana kulle a ɗakin takinka, kwamfuta a kashe, amma masu ban ruwa ba su koma ba. Sun ce har yanzu ana daka. Jiya da azahar na je bakin ruwa da niyyar in yi masu dariya. Na ji dakan da kunnena. Tauraro ba ya gajiya, ba ya sauya hannu. Wannan kuwa yakan tsaya, kamar mai daka ta share gumi, sannan ya ci gaba.

To, Baba, mi ka kulle?

Roƙona: a buɗe ɗakin, a maido mani da kayana, in kafa su gaban jama'a a gwada bugun biyu. Albasarku na bushewa, karatuna na bushewa. In inji ne ko bututu, mu gano. In ba shi ba ne, aƙalla ka daina zargin sama.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi jiƙan waɗanda ruwa ya rufe kushewarsu.

Wassalam.
Ɗiyarka, Luba.